Wasiƙa Zuwa Ga Masu Dashen Itatuwa Na Ƙaura Namoda, Shinkafi Da Zurmi



'Yan'uwana shugabanni da mambobin ƙungiyoyin dashen itatuwa da kare muhalli, da masu renon dashe a bakin gulbi, da malaman makarantar da ke sa yara ban ruwa kafin a shiga aji, ina gaishe ku da aiki. Ina kuma yi mana jajen halin da ƙasarmu ke ciki. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga.

An kai amfanin gona gida, hunturu ya kama, kuma yanzu ne ƙungiyoyi ke zama su tsara abin da za su sa a gaba. Na halarci irin wannan zama sau da yawa, na san yadda yake ƙarewa. Sakatare ya karanta rahoto, wani ya ce bana dashe dubu kaza za mu yi, wani ya ce ai ya yi kaɗan a ninka, a yanke shawarar rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, liman ya yi addu'a, a watse. Roƙona gare ku shi ne kada ku sa adadi ko ɗaya a takarda sai kun fita kun ƙirga abin da ya rayu cikin dashen bara. Kuma ba yanzu za a yi ƙirgar ba, sai cikin Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna, awaki suka cinye duk wani kore, rijiyoyi suka ja baya. Itacen da ke tsaye a wannan watan shi ne naku.

Ni ma na taɓa riƙe sakataren wata ƙungiya irin taku. Wata damina muka yi gagarumin dashe a gefen hanya, da babban baƙo da maroƙa da masu ɗaukar hoto. Baƙon ya sa nasa a rami, aka zuba ruwa da buta, aka tafa. Da bazara ta zo na bi layin nan da ƙafa, abin da na samu da rai bai cika yatsun hannu biyu ba. Mun ɗora wa awaki laifi, mun ɗora wa yara, amma gaskiyar ita ce ranar dashen ba mu ɗora wa kowa alhakin ko da itace guda ba. Kowa ya zo biki, ba wanda ya tafi da aiki.

Ku tsara aikinku daidai inda ƙafarku ke iya kaiwa. Ba ni ne zan ba ku labarin dajin Sububu ko na Dumburum ba, ko na gonakin da aka yi shekaru ba a taka ba. Kuna kuma tune da watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a jihar nan ta Zamfara. Duk shirin da ya dogara da motar da za ta kawo dashe daga Gusau, ko kiran wayar wani jami'i, a lokacin tsayawa ya yi cak. Saboda haka ma'aunin da nake ba ku shi ne nisan da yaro zai tura kurar ruwa ya je ya dawo kafin la'asar, hankalin uwarsa kwance. Cikin wannan da'irar akwai aiki fiye da yadda za ku iya gamawa: harabar makarantu, filin idi, asibiti, gefen kasuwa, da maƙabarta, wadda galibi tana da katanga, dabba ba ta shiga. Akwai kuma gaɓar Gagare da ta Bunsuru inda ruwa ke cin ƙasa duk damina, jema da gamba sun fi kowane itace saurin riƙe ta.

Sai tsakar gida, wurin da ƙungiyoyinmu suka fi mantawa domin masu wurin ba sa zuwa taro. Zogale ko gwaiba ko lemun tsami da aka miƙa wa uwar gida ya sami katanga, ya sami ruwan alwala da na wanke-wanke, ya sami wadda za ta kori akuya da muciya. In babu mata a shugabancinku, ko aƙalla reshensu da suke tafiyarwa da kansu, kun bar mafi yawan masu renon a waje. Kuma don Allah ku daina yi musu wa'azin itacen girki. Garuruwanmu sun cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka, kowace tukunya tana son wuta, ga shi tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 gas da kalanzir suka gagari talaka. Matar da ta sayi gawayi ba ta yi wa daji ƙeta ba, tuwo za ta tuƙa. In kuna da abin da za ku kai mata, ku kai murhun yumɓu mai tsimin itace, ku koya wa masu ginin tukwane yadda ake yin sa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Zurmi na da iyaka da Nijar, mutanenmu na zuwa Maraɗi biki da kasuwa, harshenmu ɗaya, gero ɗaya muke shukawa, ruwan samansu ma bai kai namu ba. Amma abin da manoman can suka yi cikin shekara arba'in, mu nan kusa da su kamar ba mu ji ba, alhali daga ƙasashe masu nisa ake zuwa kallo. Suna kiran sa sassaben zamani. Duk manomi ya san kututturen sabara da kalgo da gawo da magarya da ke tohowa a gona kowace shekara, waɗanda muke sarewa lokacin sharar gona mu tara mu banka wa wuta. Kututturen nan saiwarsa na nan da rai, ta nutsa ƙasa tun zamanin kakanni. Manomin Maraɗi sai ya duba tohon, ya zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage rassan gefe zuwa kamar rabin tsawon, wani ya ɗaura tsumma don a san da mai shi. Shi ke nan. Ba leda, ba rami, ba ban ruwa. Kowace shekara yana iya cire ɗaya ya yi makamashi ko dirkar rumfa, ya bar wani ya maye gurbi.

Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi a 1983, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa a hannunsa kamar yadda namu ke yi. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa aikin da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka sare itatuwansu, amma waɗanda suka bar nasu suka ga geronsu bai ragu ba, iska ta daina binne shuka, ga itacen girki a bakin gona. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya. Gawo ne sarkinsu, kuma kun san dalili: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

To me ya hana mu? Mun san sassabe, mun san gawo. Abin da ya sauya a Nijar shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne. A da tsoron malamin daji ke sa shi kashe toho tun yana ƙarami, domin in ya girma ya zama na gwamnati, in ya sare reshe a ci shi tara. Kuma ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitin sa ido, da maza da mata da makiyaya, suka yi dokar kansu a kan mai sarar dare. A ganina babban aikin ƙungiya a yankinmu ke nan, ya fi raba dashe nesa ba kusa ba. Ku zauna gaban hakimi da uban ƙasa, da sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, a fito da magana fili a rubuta: itacen da mutum ya rena a gonarsa na wane ne, yaushe zai iya sassabe shi, me za a yi wa wanda ya shiga ya sare. Kada ku tsallake gonar aro da ta haya da ta jingina. Mai aro ba ya barin itace domin mai gona zai ɗauka ƙwace ake shirin yi, mai gona kuma ba ya nan balle ya rena. Da yawan waɗanda suka baro ƙauyukansu yanzu a irin waɗannan gonakin suke noma kusa da gari, in ba a warware musu wannan ba, gonakin za su ci gaba da zama fayau.

Na san maganar makiyaya na da ɗaci a bakin wanda aka kashe wa ɗan'uwa, kuma ba na ce ku je inda rai zai salwanta ba. Amma akwai Fulanin da ke zaune cikinmu, su ma an kore musu shanu, su ma an raba su da rugagensu. Cinye burtali da toshe mashaya na cikin abubuwan da suka haifar da wannan masifa, kowa ya sani. Kada ƙungiyarku ta kafa dashe ko shinge a kan burtali da sunan gyaran muhalli. Inda akwai arɗon da ake zaman lafiya da shi, ku kira shi tun ranar tsara shiri, a yi yarjejeniya kan saran reshen gawo da marke da rani. Itacen da makiyayi ya san dabbarsa za ta ci 'ya'yansa, ba zai bari a kashe shi ba.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kai ba. Akwai shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Zamfara na cikin jihohi 11 da ya shafa. Akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku yi rajista, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu ko uku, in rabo ya zo ku karɓa. Sai dai kowane shiri da ranar rufewarsa aka haife shi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, yau sai dai a nuna wa yara tashar, amma dogon yaron da aka dasa a garuruwanmu tun zamanin En'e har gobe ana hutawa ƙarƙashinsa, kuma dattawa na cewa kowane da gidan da aka ɗora wa ban ruwansa. Ƙungiyar da ba ta da ko sisin kanta, duk wanda ya zo da kuɗi shi zai zaɓa mata aiki, ko ɗan siyasa ne da ke son a buga hotonsa a riga. Ku yi adashi, ku sayar da mangwaro mai aure da garin zogale, ku kafa amya in da hali. Ko kuɗin gyaran kurar ruwa kaɗai suka kawo, sun yi rana.

Wani abu kuma da nake jin nauyin faɗa wa tsarana. Wasunmu sun riƙe shugabanci tun kafa ƙungiya, takardu na cikin akwatin ƙarƙashin gado, in Allah Ya yi mana rasuwa ƙungiya ta bi mu. Ku sa wa'adi a tsarin mulkinku, ku cika shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya na nan Ƙaura tun 1983, cike da 'ya'yanmu masu iya lissafi da riƙe waya. Ku ba ɗaya ko biyu littafi mai bango mai ƙarfi, kowane itace a rubuta irinsa, inda yake, ranar da aka dasa shi ko aka bar shi ya toho, da sunan mai renonsa. Ku bar su su yi magana a taro ko da za su gyara wa dattijo ƙirga.

Ban ce ku rufe wurin renon dashe ba. Mangwaro da lemo ba sa cikin kututturan da ke tohowa da kansu a gona, makaranta kuma tana son inuwa da wuri. Cewa na yi kada ku raba fiye da abin da kuka san sunan mai ba shi ruwa, sauran ƙarfinku ku kai shi gonakin bakin gari lokacin sharar gona, kafin a sa wa toho wuta. In akwai wanda ke da dangi a ƙetaren iyaka kuma hanya ta yi kyau, ku roƙi manomi ɗaya da ya iya sassaben ya zo ya nuna muku a gonar ɗayanku, da adda a hannu.

Ina roƙon kowace ƙungiya ta ɗage yanke shawarar adadin dashen bana har sai an yi ƙirgar Afrilu, sakatare ya karanta sakamakon a gaban kowa, ko da kunya za a ji.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon sakataren ƙungiya.