Mu Fita da 'Ya'yanmu Su Ga Ƙasa

'Yan'uwa malamai, akwai kalmar da muke furtawa kullum a bakin aiki ba tare da mun tsaya mun dubi asalinta ba, wato zango. Mun raba shekarar karatu zango uku, muna cewa zangon farko ya ƙare, na biyu ya kama. Kalmar ta fatake ce. Ayarin da ya tashi daga Kano ya nufi Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, madugu na gaba, kuma duk inda rana ta yi musu sai su sauke kaya, su ɗaure dabbobi, su hura wuta, su kwana a fili. Wurin nan shi ne zango, kuma har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da sauran garuruwan Gana da sunan ake kiransu. Mun gaji kalmar mun shigar da ita aji, amma tafiyar da ta haife ta mun bar ta a baya. Yawancin 'ya'yanmu, 'ya'yan malamai, sukan gama firamare ba su taɓa kwana a wani gari ba sai garin kakanninsu.

Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, ya kamata kowane malami ya ware wa iyalinsa tafiya ɗaya a shekara, ko ta kwana biyu ce, tafiyar da ba ta biki ba ce ba kuma ta gaisuwar mutuwa ba, wadda aka shirya don yara su ga ƙasa. Muna kuma ganin reshenmu na da rawar da zai taka wajen sauƙaƙa ta.

Mun san yadda hutu yake ƙarewa a gidajenmu. Ana rufe makaranta, sai a buɗe darasin hutu. Malami ya koma koyar da 'ya'yan wasu don ya cike giɓin albashi, nasa 'ya'yan kuma a tura su wajen wani malamin, ko a bar su da waya da talabijin. Yaro ya fito daga aji ya shiga wani aji, allon nan dai, allin nan dai. Mu da kanmu muna koya masa cewa Barbushe ya zauna a Dutsen Dala, ya haddace, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa taka matakalar dutsen ya hango birnin daga sama ba. Muna koya masa Bayajida da macijiya, ga Rijiyar Kusugu nan a Daura ana ɗiban ruwanta har gobe, bai taɓa leƙa ta ba. An shafe shekaru da dama babu darasin tarihi a manhajar makarantunmu na farko kafin a dawo da shi, kuma yanzu da ya dawo, mafi yawan masu koyar da shi ba su ga wuraren da suke ambata ba. Gani ya kori ji, mu ne muke faɗa wa yara haka, mu ne kuma muka fi kowa barin su da ji.

Magabatanmu a wannan sana'a sun fahimci abin. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta abin da ya gani, ya sa wa littafin suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Bauchi kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa, shi ma ya rubuta labarin tafiyarsa a Motsi Ya Fi Zama. Mutanen nan sun ɗauki tafiya a matsayin karatu, suka dawo suka raba wa waɗanda ba su je ba.

A hutun Disamban da ya wuce, iyalai uku daga reshen nan suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar bas guda, manya shida da yara goma sha ɗaya, suka nufi Yankari. Daga Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. A Birnin Kudu suka tsaya yara suka ga zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, wanda yau yake cikin kayan tarihin ƙasa. A Bauchi suka ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gaya wa yara cewa Firayim Ministan Nijeriya na farko malamin makaranta ne kamar iyayensu. Suka kwana a gidan wani abokin aiki, mata da yara a ɗaka, maza a kan tabarma a tsakar gida. Washegari suka kama hanyar Gwambe, suka ratse a Dindima, suka shiga dajin ta ƙofar Mainamaji.

Yankari daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma yana cikin wuraren da giwaye suka rage a ƙasar nan. Abokan aikinmu ba su yi sa'ar ganin giwa ba, sawunta kawai suka gani a bakin kogin Gaji. Amma sun ga ɓauna da gwanki da kada, sun ga gadu yana kiwo a tsakanin ɗakunan baƙi kamar akuyar gida, kuma wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya, abin da har yau ake dariyarsa a gidan. Sun yi wanka a ruwan Wikki, wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na kusan digiri 31, rani da damina, dare da rana. Wani yaro ɗan aji biyar ya tambayi mahaifinsa wa yake dafa ruwan. Mahaifin malamin kimiyya ne, ya shekara goma sha biyar yana koyar da cewa cikin ƙasa da zafi, ya ce bai taɓa samun ɗalibin da ya saurare shi kamar yadda ɗansa ya saurare shi a ranar ba, yana tsaye cikin ruwa iya ƙirji.

Abin da iyayen suka fi ambata bayan sun dawo shi ne daren da suka yi a waje. Babu hasken gari, wayoyi sun yi shiru. Aka nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta a sama, aka tashe su da asuba suka ji kukan daji. Kowane yaro an ba shi aiki tun daga gida. Ɗaya ta riƙe littafin lissafin abin da aka kashe, ɗaya yana rubuta sunan kowane gari da aka wuce, biyu suna kula da ruwan sha, manyan suna wanke kwanuka. Wanda ba ya ɗauke kofin da ya sha shayi a gida sai ga shi yana naɗe tabarma ba a sa shi ba. Uba ya zauna da 'yarsa awa biyu suna hira, abin da ya ce rabonsa da yi tun tana goye. Mu malamai muna ba 'ya'yan jama'a safiyarmu da ƙarfinmu, namu kuwa sai ragowar gajiya suke samu da yamma. Tafiya irin wannan tana biyan wani abu daga bashin.

Mun san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da hujja. Na farko kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai kai ga kowa a lokaci guda ba. Kuɗin hutu da doka ta tanadar wa ma'aikaci, wanda asalinsa don irin wannan aka yi shi, wasunmu sun manta rabon da su gan shi a kan kari. Malamin da yake lissafin buhun masara ba za a yi masa wa'azin yawon buɗe ido ba. Sai dai mu lura, abin da yake cinye kuɗin tafiya abu uku ne: mota, masauki, da abincin hanya. Mota idan iyalai suka haɗu ta yi sauƙi. Abinci a ɗauko daga gida, dambun nama da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da soyayyar miya, kamar yadda iyayenmu suke yin guzuri. Masauki kuwa, nan ne ƙungiya take da abin da babu wanda yake da shi. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya tun 1931 take, kuma da wuya a sami ƙaramar hukumar da babu reshenta. Kowane gari akwai malami, akwai makaranta mai katanga da rijiya ko famfo. Zumunta a ƙafa take. Idan reshe ya rubuta wa reshe, iyali za su sami inda za su shimfiɗa tabarma su ɗaura gidan sauro, su ma gobe su sauki nasu baƙin.

Na biyu tsaro, kuma wannan ya fi na farko nauyi. Babu malamin da ya manta Ƙanƙara a 2020, ko Jangebe a 2021, ko Kuriga a 2024. Akwai hanyoyi da dazuzzukan da babu mai hankalin da zai shiga da yara a yau, kuma ba mu kiran kowa ya gwada ƙarfin hali da ran 'ya'yansa. Kwanan daji irin na Turawa, inda mutum zai tsaya duk inda ya ga dama ya kafa tanti, ba namu ba ne a wannan zamani. Fatake ma ba haka suke yi ba. Suna da jagaba mai sanin hanya, suna sauka inda sarkin gari ya san da zamansu. Haka za mu yi. A tambayi abokan aiki na can halin da hanya take ciki a makon tafiyar, domin labarin bara ba ya amfani bana. A tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya. A kwana cikin gari, ko harabar makaranta da izinin shugabanta da sanin mai unguwa, ko sansanin da yake da masu gadi. Idan aka ce hanya ta ɓaci, a fasa, babu kunya a ciki. Amma kada tsoro ya rufe mana har ƙofofin da suke buɗe. Yaron da ya tashi bai san kowa ba sai 'yan unguwarsu, duk abin da aka gaya masa game da mutanen wani gari zai yarda, kuma mun ga inda irin wannan yardar take kai al'umma.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da rashinsu yake ɓata tafiya. Gidan sauro wajibi ne ga mai kwana a waje. A riƙe gishiri da sukari na haɗa ruwan gudawa, da maganin zazzaɓi, da fitila mai caji. Yara su sa takalmi rufaffe da dare saboda kunama, a kakkaɓe shi da safe kafin a sa. A duba lokaci: dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar damina, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watsu cikin daji, don haka Yankari ta fi kyau a hutun Disamba ko na Afrilu, lokacin da namun daji suke taruwa a bakin ruwa. Dogon hutu a bar wa birane: Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, Hasumiyar Gobarau a Katsina, Hubbaren Shehu a Sakkwato, gidan tarihi na Jos. Wasu daga cikin waɗannan, ga wasunmu, kuɗin Keke Napep ne kawai tsakani.

Mai hali kuma ya tuna ƙasar waje ba sai an hau jirgi ba. Daga Daura ta Kwangwalam ana shiga Nijar a kai Damagaram, wadda ita ce hedikwatar ƙasar har zuwa 1926, ga fadar sarki ga tsohuwar unguwar Birni. Yaro zai ji Hausarsa a bakin mutanen wata ƙasa, ya ji ana ce wa makaranta lakwal, malami kuma mushe, ya canja naira zuwa sefa da hannunsa, ya gane cewa iyakar da muke zana masa a taswira Turawa ne suka ja ta a tsakiyar dangi guda. Sai dai al'amuran iyaka sun sauya tun juyin mulkin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a 2025, saboda haka a bincika takardun da ake bukata na manya da na yara, da katin rigakafin shawara, da halin hanya, tun kafin a ɗaura kaya.

Abu ɗaya muke roƙo kada a yi: kada a ɗebi maza a bar 'yan mata a gida wai su taya aiki. Mu ne muke bin gida gida muna roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su yi karatu. Idan tafiya karatu ce, to, 'yarmu tana da kujera a motar, ita da mahaifiyarta.

Saboda haka muna gabatar wa taron reshe mai zuwa shawara uku. A buɗe adashin tafiya, kowa ya zuba abin da zai iya a wata, a kwashe kafin hutun Disamba. Sakatare ya rubuta wa rassa biyu ko uku na maƙwabtan jihohi a ƙulla yarjejeniyar saukar baƙi. Shugabanni kuma su sa batun biyan kuɗin hutu a kan kari cikin abubuwan da za su kai teburin tattaunawa. Duk iyalin da suka je suka dawo, a ba ɗaya daga cikin yaransu shafi guda a wannan mujalla ya rubuta abin da ya gani. Yarinyar da biri ya ƙwace wa burodi ta riga ta kawo nata, zai fito a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.