Aljanun Ganɗoki da bashin da ke kan mai ƙaga tarihi

Cikin littattafan da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, Ganɗoki na Bello Kagara ne ya fi raba kan masu karatu. Ya fara da ƙafarsa a ƙasa: Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da zuwan Turawa a 1901. Can tsakiya sai labarin ya tashi sama, jarumin ya faɗa ƙasashen aljanu yana cin yaƙi bayan yaƙi. Wasu na ganin a nan marubucin ya saki layi. Ni kuwa a nan littafin ya fi taɓa ni. Mutumin da bindiga ta kayar da shi a gida, ina zai kai takobinsa in ba inda babu bindiga ba? A wurina aljanun nan makoki ne na mutanen da aka ci da yaƙi, aka sa masa rigar nishaɗi.

Shi ya sa ba na yi wa labarin almara bin diddigi. In Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya shirga ƙarya, dariya nake yi, domin Malam Zurƙe bai bar jikokin da za su ji haushi ba.

Labarin tarihi ba haka yake ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bai da aljani ko ɗaya, amma ya fi kowane dodo firgita ni. Uwa ta bi sahun ɗanta har ta faɗa hannun masu sayen bayi, mai karatu kuma ya san an yi irin wannan, a hanyoyin da kakanninmu suka bi, wasu a matsayin fatake, wasu a matsayin haja.

A Ƙaraye da Aliero da Maiyama ba sai mun je nesa neman irin wannan nauyi ba. Ga Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar 1804. Shi ne kuma ya juya wa Muhammadu Bello baya a Kware, ya rasa ransa a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega. A bakin wani mai tawaye ne, a bakin wani kaka ne. Littafin makaranta zai ba shi layi biyu ya wuce. Mai ƙaga labari ne kaɗai zai iya zaunar da mu a zaurensa, mu ji yadda mutum ke ji in ya ga ya yi wahala wasu sun kwashe rabo.

Amma fa da sharaɗi. Wanda zai taɓa wannan, ya sa wa Abdussalami maganar da ya ga dama a baki, ya ƙaga masa bara ko maƙwabci, na yarda. Kada dai ya sauya wanda ya yi nasara, kada kuma ya mai da ɓangare ɗaya mala'iku. Jikokin ɓangarorin biyu suna nan, suna cinikin albasa da juna a kasuwar Jega, kuma dukansu za su karanta.