Malam, Yaron da Ke Cikin Tsoro Ba Ya Jin Karatu

Ka rubuta cewa koya wa yara haƙuri da danne fushi aikin iyaye ne, malami ya tsaya kan alli da allo. Kayya, Malam! Ka taɓa ganin ɗan aji uku da aka yi wa dariya don ya kuskure lissafi, ya sunkuyar da kai yana murza gefen riga har aka tashi? Wane karatu zai shiga kansa ranar?

A 2011, Joseph Durlak da abokan aikinsa a Amurka sun tattara binciken shirye-shirye 213, ɗalibai sama da 270,000. Waɗanda aka koya wa sarrafa zuciya da zaman tare sun fi takwarorinsu ƙoƙari a karatu. Da yawa daga cikin shirye-shiryen ma malaman aji ne suka koyar da su. Kai kuwa alli da allo kaɗai ka miƙo mana.