Daga Salem Zuwa Uromi: Ta'asar Kalmar “An Ce”

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Maris na 2025 ne wasu mafarauta, galibinsu 'yan Jihar Kano, suka taso daga Fatakwal cikin babbar mota da nufin yin Sallah a gida. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, sai aka ce masu garkuwa da mutane ne. Kafin a ankara taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu, ya kuma cinna musu wuta. An yi sharhi mai yawa a kan wannan ta'asa ta fuskar ƙabilanci da siyasa. Ni kuwa, a matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kalma guda, da zarar ta faɗa bakin taro, takan zama tuhuma da shaida da hukunci a lokaci ɗaya.

Ban san wani rubutu da ya fayyace wannan cuta kamar wasan kwaikwayon The Crucible na marubucin Amurka Arthur Miller ba, wanda aka fara nunawa a birnin Niyok a watan Janairun 1953. Ma'anar sunan ita ce ƙaramar tukunyar da ake narka ƙarfe a ciki. Miller ya gina wasan ne a kan abin da ya faru a garin Salem na yankin Massachusetts a 1692, inda wasu 'yan mata suka riƙa faɗuwa suna shure-shure suna kiran sunayen waɗanda suka ce sun kama su. An zargi mutane sama da 200 da maita, aka rataye 19, mata 14 da maza 5. Wani dattijo mai suna Giles Corey da ya ƙi amsa tuhumar, aka danne shi da duwatsu har ya cika.

Abin lura shi ne ba 'yan tasha ne suka yi wannan aiki ba. Kotu ce ta zauna, da alƙalai masu ilimi. Sai dai ta amince da wata irin shaida da babu mai iya ƙaryata ta, wato yarinya ta ce ta ga kurwar wance tana mintsininta ko tana shaƙe ta. To da me wance za ta kare kanta, alhali ko da tana ɗakinta a lokacin, za a ce ai kurwar ce ta fita? Daɗin daɗawa, wanda ya amsa laifi ya kuma ambaci sunayen wasu yakan tsira da ransa, wanda ya tsaya a kan cewa bai aikata ba shi ake ratayewa. Ke nan tsarin da kansa ya sa wa ƙarya lada, kuma kowace amsa laifi ta ƙarya tana zama sabuwar hujja cewa mayu sun cika gari.

A cikin wasan, John Proctor manomi ne da ya san tun farko cewa ƙarya 'yan matan ke yi, domin jagorarsu Abigail ta faɗa masa da bakinta. Me ya hana shi magana? Ya taɓa yin lalata da ita lokacin da take aiki a gidansa, kuma ya san fallasa ta fallasa kansa ne. (Wannan ƙari ne daga Miller; Abigail ta tarihi yarinya ce 'yar kimanin shekara 11, Proctor kuwa ya kai 60.) A nawa ganin nan ne wasan ya fi zurfi. Hausawa kan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Fitina irin wannan takan samu wurin zama ne saboda waɗanda suka san gaskiya kowa na da abin da yake tsoron a tono. Ko da Proctor ya yi ta maza ya tona asirin kansa a gaban kotu, bakin alƙalami ya bushe. Aka kira matarsa Elizabeth, wadda ya shaida cewa ba ta ƙarya, ita kuma don ta rufa masa asiri ta musanta, maganarsa ta rushe.

Shi kuwa alƙali Danforth, da aka roƙe shi ya jinkirta sauran hukuncin, ya ƙi, domin an riga an rataye mutum 12, kuma jinkiri zai jefa shakka a kan hukuncinsu. Duk wanda ya san yadda hukuma ke kare kuskurenta na jiya da sabon kuskure zai gane wannan mutum. A ƙarshe Proctor ya sa hannu a takardar amsa laifi, amma ya ƙi ambaton kowa, da ya ji kuma za a manna ta a ƙofar coci, sai ya yayyaga ta, ya zaɓi igiya a kan ya bar wa 'ya'yansa ɓataccen suna.

Miller ya rubuta wasan ne a zamanin da ake farautar 'yan gurguzu a Amurka, zamanin Sanata Joseph McCarthy. A 1956 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya kira shi ya nemi sunayen waɗanda ya gani a wasu tarurruka. Ya yi bayani a kan kansa, ya ƙi kiran sunan kowa. An same shi da laifin raina Majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Harshenmu na Hausa yana da wani ɗan lamiri, wato “an”, wanda ke ba da labarin aiki ba tare da nuna mai aikin ba. An ce mayya ce. An gan shi da bindiga. An kama shi. Wa ya ce? Wa ya gani? Nahawu bai tilasta a faɗa ba, taro kuma ba ya tambaya. Bayan ƙura ta lafa, da lamirin nan dai ake wanke hannu: an kashe su. Kuma kada mu ɗauka wannan halin mutanen Uromi ne kaɗai. A 2023 an yi ta dukan mutane a titunan Abuja bisa zargin satar mazakuta, har 'yan sanda suka koma kama masu zargin. A ƙauyukanmu tsohuwar da ba ta da gata ita ake fara nunawa idan yaro ya kwanta da zazzaɓi, kuma a kasuwanninmu ihun “ɓarawo” ya wadatar a nemo taya da fetur. Mun yi kukan Uromi da gaskiyarmu, amma sau nawa muka tambayi mai ihu a unguwarmu ko da idonsa ya gani?

Mutanen Salem dai sun farga, ko da yake a makare. Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoban 1692. Ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe a coci a 1697 aka karanta takardar neman gafararsa a gaban jama'a, a 1711 kuma aka biya iyalan wasu diyya. Ta ƙarshe da aka wanke, Elizabeth Johnson, wadda aka yanke wa hukunci a 1693, sai a 2022 majalisar jihar ta share sunanta daga jerin mayu.