Hausa a Cikin Kwamfuta: Wa Zai Riƙa Kai Wa Gonar Nan Taki?

Duk wanda ya san ƙasar Kunci da maƙwabtanta irin su Bichi da Tsanyawa, ya san cewa gonakin wannan yanki ba sa hutawa. Shekara da shekaru ana noma su ba a bar su saura ba, amma ba su daina ba da gero da dawa da wake ba. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa asirin abin yana ga ɗawainiyar manomi: kai taki, kiwon dabbobi, da rainon bishiyoyin gona. Wannan darasi nake so mu ɗauko mu auna halin da harshenmu yake ciki a kwamfuta.

Wayar Android da ke aljihun manomin Kunci a kan Linux aka gina ta, wato babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Tushen rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara, kuma ya haura layi miliyan 30. Abin tambaya shi ne, yaya aikin da dubban hannaye suke taɓawa bai rikice ba? Amsar ita ce tsari. An kasa rubutun sashe-sashe kamar gandu, kowane sashe da mai kula da shi, kuma sunayensu na cikin wani kundi mai suna MAINTAINERS. Gyara ba ya shiga sai mai sashen ya duba ya amince, sannan manhajar Git, wadda Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana adana tarihin wanda ya canza abu da dalilinsa. Sashen da ya rasa mai kula kuwa ana yi masa lakabin maraya, idan kuma babu mai amfani da shi, wata rana a cire shi.

Haɗarin ƙarancin masu kula ya fito fili a watan Maris na 2024, lokacin da aka gano wata ɓoyayyar ƙofar kutse a cikin XZ Utils, ƙaramar manhajar da kusan duk nau'o'in Linux suke amfani da ita. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da nauyinta a matsayin sa-kai, da gajiya ta cim masa sai mai mugun nufi ya shigo da sunan taimako.

To ina Hausa a cikin wannan gandu? Tana da 'yan kunyoyinta. Akwai kundin ha_NG, wanda ke faɗa wa kwamfuta sunayen ranaku da watanni da yadda ake jera haruffa, akwai kuma tsarin allon rubutu mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a ido, amma su ke yanke hukunci ko sunan Ɗanladi zai faɗo a gurbinsa cikin jerin sunayen ɗalibai, ko kuma a bambance ƙafa da kafa. Ga kuma batun Nijar da ke rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Wannan aikin masana harshe ne, amma abin takaici, da yawa daga cikinmu ba su ma san da zamansa ba.

Mun taɓa ganin yunƙuri. A tsakiyar shekarun 2000 an fito da Wazobia Linux a Nijeriya, mai amfani da Hausa da Yarabanci da Ibo, amma daga baya aka daina sabunta ta. Halinmu ke nan: mun iya bikin ƙaddamarwa, ba mu iya noman maimai ba. Manhajar da aka keɓe gefe tana mutuwa ranar da masu ita suka gaji, alhali gyaran da aka shigar cikin uwar rubutun yana bin kowace sabuwar fitowa zuwa ko'ina a duniya.

Saboda haka ina kira ga cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato, su haɗa kai da sassan kimiyyar kwamfuta su karɓi riƙon waɗannan kundaye da sunansu. Jami'o'i su riƙa ƙirga irin wannan aiki wajen ƙarin girma kamar yadda suke ƙirga maƙala, hukumomin NITDA da TETFund kuma su ware ɗan abin da zai riƙe masu kula shekara bayan shekara. Kuɗin bai kai na taron ƙara wa juna sani guda ba.

Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan muka bar gonar nan babu taki, kada mu zargi kowa ranar da 'ya'yanmu suka buɗe waya suka tarar da Hausa marainiya. Allah Ya sa mu farga.