Gwajin Allura Ga Masu Maƙoƙo: Inda Iyakarsa Take

Ba kowane maƙoƙo ne ciwon daji ba. Akasarin ƙullin da ke fitowa a wuya ba ya cutarwa. Domin rarrabewa, likita yakan soka siririyar allura cikin ƙullin, ya zuƙo ƙwayoyin halitta, a duba su da madubin asibiti.

Allurar tana saurin gane nau'in da ake kira fafilari, wanda ya kai kimanin kashi 80 cikin 100 na wannan ciwo, saboda kamannin ƙwayoyinsa a fili suke. Amma ga nau'in folikula, ta gaza. Ƙwayoyinsa sun yi kama da na ƙullin da ba ya cutarwa. Abin da ke tabbatar da cutar shi ne ko ta huda tantanin da ya kewaye ƙullin, ko ta shiga jijiyar jini, wannan kuwa ba a ganinsa sai an yi fiɗa.

Abin damuwa, folikula ya fi yawa a wuraren da abinci ke ƙarancin sinadarin aidin, wato inda maƙoƙo ya yawaita. Majiyyacin da allura ta bar cikin kokwanto akan cire masa rabin halittar, sa'annan sau da yawa a tarar ba ciwon daji ba ne.