Gwanin sifon a gona, baƙo a banɗakinsa

Makon jiya suna ya kai ni Kura, gidan wani yayana, na kwana biyu. Dare biyun nan ban yi barcin kirki ba, kuma ba laifin sauro ba ne, duk da kun san sauron Kura. Wata 'yar ƙara ce daga banɗakin ɗakin baƙi, tsiii, kamar maciji a cikin ciyawa, ba ta ɗaukewa. Da asuba na murɗa famfo zan yi alwala, ko ɗigo. Tankin sama mai cin lita 1,000, wanda aka cika da magariba, ya ƙafe ƙaf.

"Yaya, ai shaddar nan ce ke shanye maka ruwa."

"Na sani, Malam. Wata uku ke nan. Mai gyaran famfon ne ya ce zai zo daga Kano, har yau shiru."

Wata uku! Mutumin nan fa na sha ganinsa a gonar shinkafarsa ta wajen Bunkure ya kwance injin ban ruwa gunduwa-gunduwa a kan buhu, ya wanke, ya mayar, ya ja igiya sau ɗaya ya tashi. Tun yana yaro yake tsoma lanƙwasasshen bututun nan da muke kira sifon a cikin kanal, ya toshe baki da tafin hannu, ya girgiza, ya saki, ruwa ya hau gaɓa da kansa ya faɗa fangali. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ba su da wata sana'a da ta wuce sarrafa ruwa. Amma ɗan akwatin tangaran da ke bayan shadda, wanda bai fi cin lita 6 zuwa 9 ba, shi ne ya gagari gwani.

Na ɗaga murfin a gabansa. Ya ja da baya yana yamutsa fuska, sai da na tuna masa ruwan da ke ciki shi ne dai wanda yake alwala da shi. Ƙazanta ba ta hawa sama.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ruwa na shigowa ta wata 'yar ƙofa a gefe. Jikin ƙofar akwai sanda, a bakin sandar akwai ƙwallon roba da ke iyo. Ruwa na ƙaruwa, ƙwallo na tashi, sanda na danna wata 'yar roba a bakin ƙofar, har ta toshe ta. Mai gadin ƙofar kanal ke nan, sai dai wannan ba ya karɓar na goro. A tsakiya kuwa, abin da na so Yaya ya gani da idonsa, sifon ne zaune, ɗan'uwan na gonarsa. Idan ka danna hannu, wani faifan leda ne ke ɗaga ruwa ya tura shi ya haye lanƙwasar, daga nan sauran ya bi da kansa har iska ta shiga ta katse shi. Aikin da tafin hannunsa ke yi a bakin kanal, shi faifan nan yake yi.

Ciwon tankin shaddar Yaya yashi ne. Ruwan burtsatse ba ya rabuwa da shi, ƙwaya biyu suka maƙale a bakin ƙofar, robar ta kasa zama, ruwa ya yi ta shiga yana ficewa ta bututun ambaliya. Muka rufe ruwa daga tankin sama, muka kwance da sufana, muka wanke, muka juya robar ta ɗaya fuskar kafin a sayo sabuwa a Ƙofar Ruwa. Na girgiza ƙwallon a kunnena ko ta sha ruwa, don in ta fashe nutsewa take yi, ƙofa ta kwana a buɗe. Lafiyarta lau. Sandar ta tagulla ce, na ɗan lanƙwasa ta ƙasa yadda ruwa zai tsaya kamar yatsa biyu kafin bakin ambaliya. Ko shayin da aka kawo mana bai huce ba.

Masu irin na dannawa ta sama, naku ba sifon ba ne, roba ce shimfiɗe a gindi. Ku ɗiga bular wanki a tankin shadda ku ba ta minti 20. In shuɗi ya bayyana a tukunya ba a danna ba, robar ta mutu. Wanda kuma sai ya yi ta buga hannu sau huɗu sau biyar kafin ruwa ya zubo, faifan ledar ne ya yage, kuma ana iya yanka wani daga leda mai kauri.

Na san za a ce mai gyaran famfo shi ma abincinsa ne, to a bar masa fasasshen bututu a cikin bango.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne man da aka ƙona. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na kuka, amma kullum sai an tada janareta an ɗaga ruwa sama, don kawai ya kwana yana gangarawa rami ya cika shi kafin lokaci. Hali ɗaya ne da wanda na gaji da rubutu a kansa: manomin farkon kanal ya buɗe ruwa ya tafi kasuwar Kwanar Gafan, ya dawo ya tarar ya malale hanya, na ƙarshen layi kuwa tumatirinsa na yaushi. Abin da ya zubo ba da guminka ba, ba ka jin zafinsa. To wannan da guminka ne, Yaya, kuma ba ka ji ba! Sannan masu gini da ke haɗa shadda ba tare da ɗan makunnin rufe ruwa a gefenta ba, Allah ya shirye ku. Saboda ku sai da na hau tsani da babbar riga.

Da zan tafi ya rako ni bakin titi da buhun shinkafa rabi. Har na shiga mota ya leƙo.

"Malam, na ɗakin uwargida ma yana yi. Yaushe za ka dawo?"

Na miƙa masa sufanar.